Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu ƙungiyar Cleveland Browns

Zuwa ga Yallaɓai Jimmy Haslam da uwargidansa Dee Haslam,
masu ƙungiyar Cleveland Browns,
Berea, jihar Ohio, Amurka.

Mayu, 2025

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na san abin da zai fara ɗaure muku kai shi ne harshen da wannan takarda ta zo da shi. Ku kuka jawo. A watan Maris na 2024 hukumar NFL, mai gudanar da babbar gasar ƙwallon Amurka (American football), ta ba ƙungiyarku izinin tallata kanta a Najeriya, kuka fito kuna murna, kuna cewa kuna neman magoya baya a can. To wanda ya shiga gari neman abokai ai ba zai ƙi sauraron mutanen garin da bakinsu ba. Ku nemi tafinta. Wanda ya iya ɗaure wa mutum ɗaya dala miliyan 230 ba zai rasa na tafinta ba.

Ni Bahaushe ne. Na sauka a Cleveland a 2007 ban san komai game da wannan wasa ba, illa dai ina ganin ƙartai sanye da kwalkwali suna ture juna. Maƙwabcina, wani dattijo da ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'antar ƙarfe, shi ya riƙa zaunar da ni gaban talabijin Lahadi bayan Lahadi har na gane kan abin. A waccan shekarar Browns ta ci wasa 10 ta faɗi 6, sai na ɗauka haka ake yi kullum. Dattijon ya dube ni ya yi dariya, ya ce in ƙulle wannan farin cikin a bakin zani, zan neme shi. Shi yana saurayi ya ga wasan ƙarshe na 1964, ranar da Browns ta lallasa Baltimore Colts 27 da nema. Har Allah ya karɓi ransa bai sake ganin kofi ba. Ni da na gaji kujerarsa, ga shi furfura ta fara leƙowa.

Ku yi mini haƙuri in ɗan juya ga 'yan'uwana na gida da za su karanta wannan, domin su ƙwallon ƙafa suka sani. A wannan wasa mutum goma sha ɗaya ne ke karawa da goma sha ɗaya. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ana ba shi dama huɗu ya ci yadi goma. In ya ci a sake ba shi huɗu, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kusan kowace dama kuwa daga hannun mutum ɗaya take tashi, wanda ake kira kwatabak. Shi koci ke raɗa wa dabara ta na'urar da ke cikin kwalkwalinsa, shi zai faɗa wa sauran goman, shi zai dubi yadda masu tsaro suka jeru ya gano tarkon da suka ɗana, ya sauya dabara nan take in ta kama. Da an miƙo masa ƙwallo, abin da yake da shi bai wuce daƙiƙa uku ba ya zaɓi wanda zai jefa wa, alhali ƙartai da kowanensu ya fi buhun masara nauyi suna tahowa su danne shi. A ƙwallon ƙafa babu mai irin wannan matsayi. Ko ka haɗa kyaftin da mai raba ƙwallo a tsakiya da mai bugun fenariti a jikin mutum ɗaya, ba ka kai ba. Wanda ya fi kama da shi a wajenmu shi ne madugu, wanda ya san hanya, ya san zango, ya san inda rijiya take da inda 'yan fashi ke kwanto. Ayari na iya samun jakai masu ƙarfi da fatake jarumai, amma in madugu bai san hanya ba, a daji za a kwana.

Ayarinku, ranku ya daɗe, kaka 26 ke nan yana kwana a daji. Tun da ƙungiyar ta dawo gasa a 1999 zuwa ƙarshen kakar 2024, mutum 40 ne suka fara wasa a matsayin kwatabak ɗinta. Arba'in cif. Akwai wata riga da ta yi suna a garin nan, an rubuta Couch, sunan ɗaya daga cikin kwatabak ɗin farko bayan dawowar, a bayanta an soke, aka yi ta jera sunaye a ƙarƙashi ana sokewa har jerin ya zarce gindin rigar. A tsawon waɗannan shekaru sau huɗu kacal aka gama kaka nasara ta fi faɗuwa yawa, sau uku aka shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, sau ɗaya tak aka ci wasa a cikinsa. Rabon Browns da ta zo ta ɗaya a rukuninta tun 1989. Super Bowl kuwa, wato wasan ƙarshe na ɗaukar kofin gasar, cikin ƙungiyoyi 32, huɗu ne ba su taɓa taka filinsa ba, kuma muna ciki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wannan darasi da nake ƙoƙarin tuna muku, a gidanku aka rubuta shi. Paul Brown, wanda ƙungiyar ke amsa sunansa, yana cikin waɗanda suka fara mayar da horar da 'yan wasa sana'a ta ilimi: ya sa su a aji da littafi da alƙalami, ya riƙa nazarin fim ɗin wasanni, har gwajin saka rediyo a kwalkwalin kwatabak ya yi tun 1956. A gefensa akwai kwatabak Otto Graham. Daga 1946 zuwa 1955, shekara goma, sun je wasan ƙarshe sau goma, sun ɗauki kofi bakwai. Koci ɗaya, madugu ɗaya, shekara goma. Babu wani sirri da ya wuce wannan, kuma duk ƙungiyar da ta daɗe tana cin kofi bayansu haka ta yi.

Adalci ya sa in ce ba ku kuka fara ɓarnar ba. Art Modell ne ya kori Paul Brown a 1963, shi ne kuma ya kwashe ƙungiyar ya kai Baltimore bayan kakar 1995, ya sallami wani koci mai suna Bill Belichick, wanda daga baya ya ɗauki Super Bowl shida a New England. Ba ku nan lokacin da aka jefa Tim Couch cikin fili yana ɗan sabon shiga, ba tare da katangar da za ta kare shi ba, aka kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 56 a kakarsa ta farko. Ba ku nan a 2004, da aka tsallake kwatabak Ben Roethlisberger a zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi bi da bi duk shekara, ɗan jihar Ohio ɗin nan, Pittsburgh ta ɗauke shi, ya yi shekara goma sha takwas yana zuwa yana yi mana wankin babban bargo a gaban iyalanmu. Batun cewa a 2000 Browns ta ɗauki Spergon Wynn a lamba 183 ta bar Tom Brady da aka ɗauka a 199, wannan ba na ma lissafa shi, domin kowa ya tsallake shi a waccan rana.

Amma tun Oktoban 2012 gidan naku ne, kun saye shi a kan kuɗi kimanin dala biliyan ɗaya. Kuma kafin nan, Yallaɓai, kana da ɗan hannun jari a Pittsburgh Steelers. Ka zauna a gidan da tun 1969 koci uku kawai suka yi: Chuck Noll, Bill Cowher, Mike Tomlin. Ka ga yadda ake yi da idonka. Sai ka zo nan, cikin shekara bakwai da 'yan watanni ka sallami Pat Shurmur, ka ɗauki Rob Chudzinski ka kore shi bayan kaka ɗaya, ka ɗauki Mike Pettine ka kore shi bayan biyu, ka ɗauki Hue Jackson wanda ya ci wasa 3 ya faɗi 36 ya yi canjaras ɗaya, ka ɗauki Freddie Kitchens ka kore shi bayan kaka ɗaya. Wanda ya cancanci a yi masa haƙuri ba a yi masa ba, wanda ya kamata a sallama tun wuri shi aka riƙe har muka ga kakar 2017, wasa 16 babu nasara ko ɗaya. Ina cikin garin nan ranar da mutane suka yi jerin gwanon ba'a suna zagaya filin wasa cikin sanyin Janairu mai shiga ƙashi. Wanda bai san Cleveland ba zai ce ƙiyayya ce. Ƙauna ce da ta rasa inda za ta sa kanta.

A 2014 kuma kuna da Kyle Shanahan a matsayin mai tsara dabarun kai hari. Kaka ɗaya ya yi ya nemi a sake shi. A waccan shekarar ce aka ɗauko Johnny Manziel a zagayen farko, yaron da sunansa ya fi shirinsa girma, ya yi kaka biyu ya fita daga gasar gaba ɗaya. Shanahan ya tafi, daga baya ya kai San Francisco Super Bowl sau biyu, na biyun ma da Brock Purdy, wanda shi ne mutum na ƙarshe da aka ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2022. Kun ga abin da malami ke yi da ɗalibin da kowa ya raina.

Yanzu bari in zo kan Baker Mayfield, domin a nan ne zancena yake. Kun ɗauke shi a lamba ta ɗaya a 2018. Masu son gardama za su ce ga Josh Allen a lamba bakwai, ga Lamar Jackson a 32, duk kun bari. Gaskiya ne, kuma dukansu sun fi shi. Amma ni ban yarda cewa da ɗayansu ya sauka a Berea a waccan shekarar zai zama abin da ya zama ba. Mayfield ya shigo wasa a daren Alhamis na watan Satumba, ana bin mu a baya, ya juya wasan muka ci New York Jets 21 da 17, bayan kwana 635 ba mu ga nasara ba. Na ga manyan mutane suna kuka a titi. A kakar ya jefa ƙwallon da ta zama maki sau 27, abin da babu sabon shiga da ya taɓa yi kafin shi. Me ya samu a madadin haka? Cikin kaka uku ya yi aiki ƙarƙashin koci huɗu da masu tsara kai hari huɗu. Kowane da littafinsa, kowane da kalmominsa, kowane da yadda yake so a taka ƙafa kafin a jefa. Ku kwatanta almajirin da duk shekara ake wanke masa allo a kai shi wajen sabon malami a ce ya koma farko, sannan a zo ana tambaya me ya sa bai sauke ba.

Duk da haka, da ya samu Kevin Stefanski a 2020, aka ci 11 aka faɗi 5, aka je har Pittsburgh a Janairun 2021 aka doke su 48 da 37, koci yana gida a killace saboda korona yana kallo a talabijin kamar mu. Wannan ce nasarar farko a zagayen sili-ɗaya-ƙwale tun Janairun 1995. Mako na gaba aka faɗi a hannun Kansas City da tazarar maki biyar kacal. A kakar da ta biyo, kafaɗarsa ta hagu ta yage tun wasa na biyu. Aikin koci da shugabanni a nan shi ne su zaunar da shi ko yana so ko ba ya so. Aka bar shi yana fita da ɗaurarriyar kafaɗa, wasansa ya lalace, sannan aka auna shi da wannan lalataccen wasan aka ce bai isa ba. A Yulin 2022 aka miƙa shi ga Carolina a kan abin da bai taka kara ya karya ba, har kuka biya wani kaso na albashinsa don a karɓa. A kakar 2024, a Tampa Bay, ya jefa ƙwallon maki 41 ya ci yadi 4,500. Mu kuma a kakar muka ci wasa 3 muka faɗi 14, muka zo na ƙarshe a gasar wajen cin maki.

Ban ce Mayfield gwani ne na gwanaye ba. Yana da girman kai, yana da jifan gangan. Abin da nake cewa shi ne kun samu itace ɗanye a hannunku, maimakon ku tanƙwara shi kuka yi ta canza masa masassaƙi.

Sai batun Deshaun Watson, wanda kai da kanka, Yallaɓai, ka amsa a ƙarshen watan Maris na bana cewa babban kuskure ne, kuma ka ce a ɗora alhakin a kanka da uwargida. Na yaba da wannan, ba kowane mai kuɗi ke iya furta shi ba. Amma amsa kuskure daban, gane inda ya samo asali daban. Kun ba Houston zaɓinku na zagayen farko na shekara uku a jere, 2022 da 2023 da 2024, da wasu ƙari. Kun ba shi kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 230, kowace dala tabbatacciya, ko ya yi wasa ko bai yi ba, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. Kun yi haka ga mutumin da bai buga ko wasa ɗaya ba a 2021, wanda mata fiye da ashirin suka shigar da ƙara suna zarginsa da cin zarafinsu. Ya musanta, ba a gurfanar da shi a kan laifin aikata ta'asa ba, an sasanta mafi yawan ƙararrakin a wajen kotu, amma NFL ta dakatar da shi wasa 11 ta ci shi tarar dala miliyan 5. Na san mata da yawa a garin nan, masu zuwa filin wasa tun suna yara da iyayensu, da suka ninke rigunansu suka ajiye tun daga ranar. Madugu ba hannu kaɗai ba ne. Mutum ne da ayari zai yarda ya bi bayansa cikin dare.

A fili kuma me aka samu? Wasa 19 cikin kaka uku, an ci 9 an faɗi 10. A 2024 ya fara wasa bakwai, babu ɗaya da ya kai yadi 200 a cikinsa, har jijiyar agararsa ta tsinke a Oktoba, ta sake tsinkewa a Janairu. Ina yi masa fatan samun lafiya, kuma ban ji daɗin ihun murnar da wasu suka yi yana kwance a ƙasa ba, wannan ba tarbiyya ba ce. Sai dai ga lissafi: gasar nan tana da iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, bana dala miliyan 279.2. Duk dalar da ta tafi wajen wanda ba ya wasa, an cire ta ne daga bakin mai tare masa gaba da mai kama masa ƙwallo. Kuna ta tura bashin gaba shekara bayan shekara, amma yana nan yana jira. Tsalle ɗaya kuka yi kuka faɗa rijiyar, ga shi muna ta ƙirga tsallen fitowa.

Asalin kuskuren, a ganina, shi ne kun ɗauka madugu kaya ne da ake saye a kasuwa a ɗora a kan ayari. Kun gaji da jira, kuka nemi yanke. Wannan gaggawar ce ta kawo Manziel, ita ta kori Mayfield, ita ta kawo Watson. In ba ita aka yi wa magani ba, za ta sake kawo wani.

Na san akwai masu cewa, har a cikin abokan kallona, ai kakar 2023 ta nuna ba sai da gwanin kwatabak ba. An yi amfani da mutum biyar, aka ci wasa 11. Masu tsaronmu ƙarƙashin Jim Schwartz suka zama abin tsoro, Myles Garrett ya zama gwarzon mai tsaro na shekara, aka ɗauko Joe Flacco daga falonsa yana da shekara 38 ya yi ta zuba ƙwallo kamar saurayi. Ni ma na yi rawa a waccan Disambar, ba na musu. Amma ku tuna yadda ta ƙare. Aka je Houston, garin da muka ba zaɓinmu uku, wani sabon shiga mai suna C.J. Stroud, wanda ya yi karatu a nan Ohio State, ya tarwatsa waccan katangar da muke taƙama da ita, Flacco ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo biyu a jere duk suka ruga da ita suka ci maki, aka tashi 45 da 14. Tsaro mai ƙarfi na iya kai ka ƙofar gari. A Janairu, in an haɗu da Patrick Mahomes na Kansas City ko Allen, sai mai irin hannunsu. Kuma ko kafin Janairu, a rukuninmu kaɗai, duk shekara sau biyu za mu gamu da Lamar Jackson wanda ya zama gwarzon gasar a 2019 da 2023, sau biyu da Joe Burrow, wani ɗan Ohio ɗin, wanda ya kai Cincinnati Super Bowl a kakarsa ta biyu.

Ku dubi kuma mutanen da wannan rashi ya cinye. Joe Thomas ya yi kaka 11 yana tare wa kwatabak ɗinmu gefen hagu, ya tsaya a fili sau 10,363 a jere bai fita ko sau ɗaya ba, ya shiga zauren gwarzayen wasan a Canton, bai taɓa buga wasan sili-ɗaya-ƙwale ba. Nick Chubb, mai gudu da ƙwallo, ya ba mu gwiwarsa. Garrett a Fabrairun bana ya fito fili ya ce a sayar da shi, yana son inda zai ci kofi. Kun rufe bakinsa da dala miliyan 40 a shekara, kuma ya cancanta, amma abin da ya sa ya yi maganar yana nan. David Njoku, ɗan'uwanmu da aka naɗa wa sarauta a ƙauyen iyayensa a Najeriya, wanda fuskarsa kuke nunawa in kuna tallar ƙungiyar a can, tun 2017 yake nan yana kama ƙwallo daga hannu daban-daban kamar mai karɓar sadaka a bakin masallaci.

Game da koci Stefanski, ba na cikin masu cewa a kore shi gobe. Mutumin da aka zaɓa gwarzon koci sau biyu, 2020 da 2023, ba jahili ba ne, kuma korar koci ita ce cutar gidan nan, ba maganinta ba. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yana da salon da ya iya: a yi ta gudu da ƙwallo a ƙasa har masu tsaro su matso, sannan a yi kamar za a miƙa a jefa ta bayansu. Da wannan Mayfield ya yi kyau, da shi Jacoby Brissett ya yi abin a yaba a 2022, da shi Flacco ya farfaɗo. Bayan kakar da aka ci 11, sai aka sallami mai tsara kai hari Alex Van Pelt, aka kawo Ken Dorsey a madadinsa don a ɗinka sabuwar riga daidai jikin Watson, Bill Callahan mai horar da katangar gaba ya tafi Tennessee wajen ɗansa. Rigar ba ta shigi Watson ba, ta kuma yage a jikin kowa. A tsakiyar kaka Stefanski ya miƙa wa Dorsey kiran dabaru, a ƙarshenta aka sallami Dorsey. Koci da ya bari aka rushe abin da ya iya don a faranta wa kwantiragi rai, ko dai ba a ba shi iko ba, ko bai iya cewa a'a ba. Ku kuka san wanne ne. In na farko ne laifinku ne, in na biyu ne ku zaunar da shi.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar gwani, horo kawai yake so. Zubar da ƙwallo ga abokan hamayya ya zame mana ɗabi'a, har a kakar 2023 mai daɗin nan babu wanda ya fi mu yin sa. Ga laifuffukan ganganci kafin a ma taɓa ƙwallo, wani ya motsa kafin lokaci, wani ya tsaya inda bai kamata ba, a mayar da mu baya yadi biyar a banza. Wasan Denver na Disambar bara ya ishe mu misali: kwatabak ɗinmu Jameis Winston ya ci yadi 497, ya kuma jefa wa abokan hamayya uku, biyu suka zama maki a kanmu, muka faɗi. Wannan aikin ranar Laraba da Alhamis ne a filin atisaye, ba na Lahadi ba.

Ga inda muke yau. Kun sauka daga lamba biyu zuwa biyar a zaɓen bana, kun karɓi zaɓin Jacksonville na zagayen farko na 2026, don haka baɗi kuna da biyu. Wannan dabara ce mai kyau, in an san abin da za a yi da ita. A ɗakin kwatabak kuma akwai Flacco mai shekara 40, da Kenny Pickett da Pittsburgh ta gwada ta saki, da yara biyu, Dillon Gabriel na zagaye na uku da Shedeur Sanders na zagaye na biyar, ga Watson yana jinya. Mutum biyar, kuma babu wanda zai dafa ƙirji ya ce ga madugu. Tsorona shi ne a shiga Satumba ana ta juya su kamar waina, wannan ya yi wasa uku a cire, wancan ya yi biyu a cire, a gama kaka ba a san ko ɗaya daga cikin yaran zai iya ba, rigar nan ta ƙara tsawo da suna uku.

Roƙona gare ku shi ne ku bar waɗanda kuka ɗauka aiki, babban manaja Andrew Berry da Stefanski, su zaɓi mutum, ku kuma ku cire hannu. Kada yawan masu sayen rigar wani yaro ko hayaniyar gidajen rediyo ta sa a jefa shi fili kafin ya nuna. Kocin Kansas City Andy Reid ya zaunar da Mahomes kusan kaka guda a bayan Alex Smith. Green Bay ta zaunar da Aaron Rodgers shekara uku, ta zaunar da Jordan Love uku. In kuwa an sa yaro, a bar shi ya yi kuskurensa ya gyara, da malami ɗaya da littafi ɗaya, Tommy Rees da kuka ɗaga bana ya zama mai tsara kai hari kada a wayi gari baɗi an ce shi ma ya tafi. In kaka ta ƙare aka ga babu madugu a cikinsu, to ku haɗa zaɓin nan biyu, ku ƙara da abin da ya kama, ku hau sama ku ɗauko wanda masu idon gani suka yarda da shi, a kan albashin sabon shiga mai sauƙi, ku gina masa katanga tun kafin ya iso. Washington ta ci 4 ta faɗi 13 a 2023, ta kawo sabon koci da Jayden Daniels, a shekara ɗaya ta ci 12 ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Detroit ta yi haƙuri da Dan Campbell bayan ya ci wasa 3 kacal a kakarsa ta farko, a 2024 ta ci 15. Kuma in an zo auna Berry da Stefanski, a auna su da abin da suka zaɓa da kansu, ba da abin da aka ɗora musu ba.

Na ji kuna shirin gina sabon fili mai rufi a Brook Park, na dala biliyan 2.4, kuna neman jama'a su sa hannu da kuɗin harajinsu. Ba zan shiga wannan gardamar yau ba. Zan dai ce dusar ƙanƙarar bakin tafkin Erie ba ita ta hana mu cin wasa ba, a cikinta Graham da Jim Brown da Bernie Kosar suka yi nasu.

Ɗan yayata a Kano ya fara kallon wasanku a wayarsa. Wasan ƙarfe ɗaya na rana a nan, ƙarfe shida ne na yamma a can, yakan kalli rubu'in farko ya tafi Magariba ya dawo. Kwanan baya ya ce in aiko masa da riga, kuma ta kwatabak yake so, domin ya lura shi ne mai wasan. Na tsaya a kanti na fi minti ashirin ina duba sunaye. Daga ƙarshe na saya masa lamba 95, ta Garrett, na ce masa ta kwatabak ɗin ya dakata tukuna, zan tambayi masu gidan. Ga shi na tambaya.

Naku,
wani Bahaushe mai goyon bayan Browns,
Cleveland, Ohio.